Makokin Inna a Ingila

Ina koyarwa a elementare ta Isa, shekaru kaɗan kafin Turawa su miƙa mulki, aka zaɓe ni in tafi Ingila kwas na shekara guda. Ni haifaffen Sabon Birni ne, Bagobiri da tsagensa har kunne, kuma a iya sanina ba wanda ya riga ni haye teku neman ilimi daga yankinmu. Ba za ni ɓoye ba, kaina ya kumbura. Sati guda na yi ina zagaya dangi ina sallama, daga Kurawa har Gatawa inda kawunnaina makiyaya suke, kowa na ba ni abin da ya samu. Wata gwaggona ta ƙulle mini daddawa a tsumma, ta ce ta ji labari mutanen can ba su san miya ba.

Baturen makaranta ne ya sace mini kumburin. Ya kira ni ofishinsa a Sakkwato, ya ce za a sauke ni gidan wasu mutanen kirki in zauna da su kamar ɗan gida, kuma akwai wata mata, jami'ar da ke kula da ɗalibai baƙi, abin da ta ce shi za ni yi. Idan ta rubuto cewa na gagara, jirgin da ya kai ni shi zai maido ni, ba satifiket, kuma da wuya a sake aika wani daga ƙasarmu. Maganar ta zauna mini a ƙirji. A koro ni in dawo in tsaya gaban ajin da na yi wa sallama da babbar riga? Na ɗaura niyyar ko wuta aka ce in taka can, za ni taka in yi shiru.

Garin da aka kai ni ƙarami ne, a arewacin ƙasar, gidajen jan bulo a jere manne da juna, ƙofa kusa da ƙofa. Masu masaukina wani tsoho ne da matarsa, su kaɗai a gida. Shi ya yi aikin jirgin ƙasa har ya ajiye. Ita kuwa girki da surutu, a rana takan yi maganar da za ta ishe su su biyun. Tun ranar farko suka faɗa mini sunayensu, suka ce in riƙa kiransu da su. Na gwada, bakina ya ƙi. Mutumin da ya girmi ubana in kama sunansa gatsal? Na ce musu a wurinmu Baba ake cewa da Inna. Ta maimaita kalmar sau uku tana dariya, ta ce ta karɓa. Shi ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da cusa taba a lofensa.

Satin farko yunwa ta kusa kashe ni, kuma tarbiyyata ce ta jawo mini. Inna takan zuba mini ɗan abinci, dankali biyu da yankan kifi, in cinye, ta ce in ƙara, ni kuma in ce na ƙoshi, ina jiran ta matsa mini sau biyu sau uku yadda kowace uwa ke yi kafin in miƙa faranti. Sai ta ɗauke kwanon ta rufe abinta. Ina ji ina gani a wuce da abinci, hanjina na kuka. Ranar da asirina ya tonu, a kicin ta kama ni ina cin gayan burodi a tsaye. Da na yi mata bayani ta yi dariya har sai da ta nemi kujera. Daga nan ta koma Bahaushiya sak, in na ce na ƙoshi sai ta ƙara cokali biyu ba ta ko dube ni ba.

Ita ta samo mini tsohuwar butar shayi na mai da ita ta alwala. Ita ta daina shigo da naman alade gidan ba tare da na roƙa ba, Baba yana gunaguni tana yi masa kunnen uwar shegu. Wata rana muna kanti wani mutum mai jan hanci ya ƙura wa fuskata ido, ya tambaya ko haɗari na yi. Raina ya ɓaci, don ni ba a taɓa mini tsage in yi shiru, na buɗe baki ke nan ta riga ni. Ta ce masa wannan shaidar asali ce, kowa ya gan ni a ƙasarmu ya san gidan da na fito, shi kuma ban da hancin nan da giya ta rina wace shaida gare shi? Har muka isa gida ina dariya. Na so matar nan, kuma ta san na so ta.

Baba ba a gane shi da wuri. Yana da ɗan lambu bayan layin dogo, bai kai inda muke ɗaure jaki a gida ba, amma yana ji da shi kamar fadamar gulbin Rima. Ranar Asabar nakan bi shi mu yi kaftu, shi da shebur ni da wani abu mai haƙora huɗu, ina kewar fartanya. Mukan yi awa uku bai ce uffan ba, in mun gama ya dubi kunyoyin da na ja ya ce ba laifi. Daga baya na gane wannan a bakinsa kirari ne. Maƙwabta ma haka suke, gaisuwarsu ba ta wuce maganar ruwan sama, kowa ya shige ya ja ƙofarsa. Na ɗauka sanyi ne ke sa su haka.

Ina cikin wata na bakwai Inna ta kwanta da ciwon ƙirji. Kwana shida ta yi a asibiti, ranar Litinin da hantsi ta cika. Ni da Baba muka dawo gida a ƙasa. Aka ce gawar tana wurin masu shirya ta, sai ranar Juma'a za a binne, abin da ya ɗaure mini kai, amma na ce kowace ƙasa da nata. Da muka shiga ya bi tagogi ya ja labule ɗaya bayan ɗaya, ya zauna kan kujerarsa gaban murhu, ko kwat bai tuɓe ba. Ni kuma na share falo, na cika butar shayi, na zauna jiran mutane.

A Sabon Birni kafin a gama wanke mamaci ƙofar gida ta cika. A shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, na Tozai su iso kan jakuna, dangi na yankin da Faransa ke mulki su hayo iyaka, mata su yi ta shigowa da ƙoren fura da tuwo, don gidan da aka yi rasuwa ba ya hura wuta. Kwana uku mai rashi ba ya zama shi kaɗai ko na ƙiftawar ido. Ba wai ana ce masa wani abin kirki ba ne, a yi addu'a, a ce ya haƙuri, a zauna. To ni na zauna tun azahar har la'asar ta wuce, ba wanda ya taɓa ƙofar nan. Abu guda ya shigo, takarda ce daga jami'ar ɗalibai aka zuro ta ramin wasiƙa na jikin ƙofa. Ta yi ta'aziyya a layi guda, sannan ta ce in haɗa kayana, gobe mota za ta zo ta kai ni ɗakin kwanan ɗalibai, domin a bar maigida ya samu natsuwa, haka ƙa'ida take.

Na karanta sau biyu, na dubi tsohon. Yana nan yadda ya zauna, shayin da na ajiye masa ya huce. Wata bakwai ina cin abincin matarsa, yau ta mutu in ɗauki akwati in fita? Ko baƙon kwana ɗaya ba ya yin haka a wurinmu, sai dai in ba a haife shi cikin mutane ba. Amma na san abin da ƙin bin takardar nan zai jawo. Na ninke ta na sa aljihu.

Washegari da safe na yi ta juya abin a raina, har na gano, a ganina, inda matsalar take: ba a sanar ba. A gida in an yi rasuwa akan tashi wani ya bi gida gida ya faɗa, ba a barin mutane su ji a bakin hanya. Baba ba shi da wanda zai aika sai ni, kuma baƙin ciki ya hana shi tunawa. Har na ji haushin kaina da na bar kwana ya wuce. Na zura babbar riga kan kwat, na kafa hula, na fita na fara daga gidan farko na layin. In ƙwanƙwasa, a buɗe, in rusuna in ce Allah ya yi wa uwargidanmu rasuwa jiya da hantsi, maigida yana zaune a gida, ƙofa a buɗe take. Sai in ga fuska ta yi ja, a ce mini an gode, a rufe ƙofa a hankali. Na lura duk gidajen labulensu a jaye yake, na ce a raina mutanen nan akwai barcin safe.

Sai da na kai gidan da ke kallon namu na san na yi kwaɓa. Matar gidan gwauruwa ce, busasshiya, mai ɗan kare. Ban rufe baki ba ta katse ni, ta ce kowa a layin ya sani tun jiya, labulen da nake gani a rufe don girmama mamaciyar ne, kuma a nan ba a damun mai baƙin ciki, ana barinsa ne da abin da ke ransa. Ta ce abin da nake yi bai dace ba sam. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse. Da na tsaya nan da an ce kuskuren baƙo ne. Amma ina da zuciya, kuma ta taso mini a lokacin.

Na ce mata, “To in kun sani tun jiya, mi kuka jira? Tsoho na can shi ɗai, ko ruwa bai sha ba. Labule ad da bakin ce mishi ya haƙuri?”

Ta rufe ƙofa da ƙarfi har karen ya yi haushi. Ni kuma tunda na riga na jiƙe, sai na ƙarasa sauran gidajen, yanzu ba sanarwa nake ba, gayyata nake. Na dawo na kwaso kujerun kicin da na ɗakina na jera a falo, na tokare ƙofar waje da bulo, iska mai sanyi na shigowa. Baba ya bi ni da ido. Da direban makaranta ya iso ya yi ham, na fita na ce ya gaya wa jami'a ina gaishe ta, ba ni tashi sai an yi kwana uku. Motar na juyawa na ga kaina a tashar jirgin ƙasa ta Kauran Namoda da akwati, ba abin da za ni nuna wa kowa.

Na koma na zauna a ƙasa kusa da kujerar Baba. Can ya ce in tashi in ba shi wuri. Na ja jiki na koma bakin ƙofar falo, na sake zama. Ya dube ni kamar zai jefe ni da lofe. Mun fi awa biyu a haka, kujeru na kallonmu.

Wanda ya fara shigowa wani tsoho ne da suka yi aikin jirgi tare da Baba, ya tsaya tsakar falo yana murza hula a hannu, bai san inda zai sa kansa ba. Na nuna masa kujera, na miƙa masa shayi. Ya raɗa mini cewa bai san abin da zai ce ba, na ce ba a cewa kome, zama ake yi. Bayansa mata biyu suka shigo da burodi mai zaƙi a faranti, sai wani da matarsa. Turawa dai ba su iya zaman shiru cikin taro ba. Ba a jima ba wata ta tuno yadda Inna ta taɓa korar mai madara da tsintsiya, wani ya ƙara nasa, aka yi dariya, aka tsorata da dariyar, aka yi tsit. Sai Baba ya gyara murya ya ce ai ba tsintsiya ba ce, laima ce. Ya miƙa hannu ya ɗauki shayi. Na tashi na shiga kicin don kada a ga idona.

Rana ta uku da hantsi jami'ar ta zo da kanta, doguwar mace mai tabarau, ba muguwa ba ce, aikinta take yi. Ta tarar da falo ba wurin zama. Ta kira ni soro, wato ɗan lungun da ake rataye kwat, ta ce na ƙi bin umarni, kuma maƙwabciya ta kai ƙara cewa na bi layi ina tayar wa mutane da hankali. Ta ce in na ɗauko akwatina yanzu za ta rufe maganar, in na ƙi kuwa ba ta da zaɓi sai ta rubuta. Na tuna ajina na Isa da waɗanda ke jiran a aika su bayana.

Na ce, “Ranki shi daɗe, ki rubuta. Yau kwana ukku, gobe in kin ce in tahi za ni tahi. Amma ba ni hita gidan ga yau.”

Ashe Baba yana bayanmu. Ya tuɓe kwat ɗin nan a karo na farko, har ya yi aski. Ya ce da ita jiya da safe ya so ya jefa ni waje da kujeruna duka. Sannan ya dafa bango.

Ya ce, “Muna da ɗa guda. Ya tafi yaƙi, takarda ta zo cewa ya mutu. Muka ja labule, maƙwabta suka ja nasu, muka zauna ni da ita wata guda ba wanda ya ƙwanƙwasa. Na san don mutunci suka yi. Amma har bara tana tambayata me ya sa ba wanda ya zo.” Ya nuna ni da lofe. “Wannan ba inda za shi.”

Wata bakwai ina gidan ban san sun taɓa haihuwa ba, ban san a ɗakin wa nake kwana ba. Jami'ar ta cire tabarau ta goge. Ta ce dole ta rubuta abin da ya faru, amma ba za ta nemi a maida ni gida ba. Na nuna mata kujera, ta zauna ta sha shayi rabin kofi. Da la'asar gwauruwar nan mai kare ta shigo da tukunyar miya, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta dire a gaban Baba ta ce ya ci tun da zafi.

Ranar Juma'a aka binne Inna. Ban shiga coci ba, na tsaya a waje, amma da aka fito na jera da Baba har bakin kabari, yana riƙe da hannun rigata. Daga baya wani malami a Isa ya ce ko wannan ɗin bai kamata in yi ba. Na saurare shi da ladabi, ban ce masa na yi nadama ba, don ban yi ba. Sauran wata biyar ɗin a gidan na ƙarasa su, ni ke dafa mana abin da na iya, yana ci yana cewa ba laifi.

Na dawo da satifiket, amma rahoton ya riga ni isowa. Baturen makaranta ya karanta mini shi a tsaye: mai taurin kai, mai gaban kansa, ba a ba shi shugabanci yanzu ba. Kujerar hedimasta da aka yi mini alkawari aka ba wani, sai bayan shekara biyu na same ta. Ya yi mini ciwo, ba za ni ce bai yi ba. Da na isa Sabon Birni yayana ya tare ni da faɗa tun a zaure, wai an aike ni karatu na je na buɗe zaman makoki, na zubar da girma saboda mutanen da ko sallarmu ba su yi. Mahaifinmu yana kan buzunsa yana jan carbi, ya bar shi ya gama. Sannan ya sa na ba shi labarin tun daga farko, bai katse ni ba.

Da na kai ƙarshe ya ce, “Da kat taso, hannun wa kab bar tsohon?”

Na ce abokin aikinsa na zuwa kullum da safe su tafi lambu, matar da ta kai ƙarata kuma ita ke kai masa abincin rana.

Ya jinjina kai, ya dubi yayana, ya dube ni.

“To madalla. Takardat tasu su jiƙa ta su sha.”